Ranar da Na Hura Zaren Baba

Jiya a kemis aka buɗe kwalbar sifirit, sai kawai na gan ni a gidanmu na Unguwar Shanu, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, ina hararar ƙanwata.

Babanmu ma'aikacin kamfanin waya ne, a shekarun da aka fara haƙa gefen titunan Kaduna ana binne wayar fiba. In ba ka taɓa ganin cikinta ba, zaren gilashi ne siriri kamar gashin kai, haske ke bi ta ciki ɗauke da magana. Baba yakan ce hasken nan ya fi kowa ƙyanƙyami. Ƙura ɗaya ta hau bakin zaren, ko a lanƙwasa shi da yawa, sai saƙo ya isa a jirkice.

Duk Asabar da hantsi yakan rufe tagar falo, ya shimfiɗa farin ƙyalle, a goge bakin wayoyinsa na gwaji da sifirit. Kuma ƙanwata yake kira, wai hannunta ba ya rawa. Ni fa? Ni ne mai korar kaji da rufe ƙofa. Yarinyar da ni na koya mata ɗaure takalmi! Wallahi ko tuwo ba ya yi mini daɗi ranar Asabar.

Wata Asabar cikin damina sun gama, ya sa mata albarka, suka fita. Na lallaɓa na buɗe akwatin wayoyin, na ce yau za a ga tsafta. Yadda kakarmu ke yi wa tabaraunta na yi: in cire murfin bakin waya, in hura iskar baki, in murje da gefen riga. Rigar kuwa da safen ranar na goge man ƙosai a jikinta.

Ranar Litinin Baba ya dawo jiƙe sharkaf. Na ji yana gaya wa Inna sun wuni a unguwar Kawo suna bin layi, na'ura na nuna saƙo na lalacewa, har rami biyu suka tone, ashe dattin a wayar gwajinsa yake. Shugabansa ya wanke shi tas a gaban ma'aikata. Ƙanwata ta fashe da kuka, ta ɗauka ita ce, Baba ya ce ta share hawaye, laifin na mai akwati ne. Ni dai ban tona kaina ba. Kar in yi maka ƙarya, daɗi na ji. Na ce shi ke nan, wurin zamanta ya zama nawa.

Ina! Asabar na zagayowa ya sake kiranta, zaman da ake yi zuwa hantsi ya kai azahar, har madubin duba bakin zare ya damƙa mata. Garin neman gira na rasa ido.

Yau ita injiniya ce, fiba ta shiga har lungunmu, kuma in Baba ya ce “aikin 'yata” a gaban baƙi, har yanzu kishi yakan taso mini. Bara dai na faɗa masa gaskiya, ina dariya don abin ya tafi a wasa. Bai yi dariya ba.

“Na sani tun ranar,” ya ce. “Na yi ta jira ka zo ka ce, Baba koya mini. Ba ka taɓa tambaya ba.”

Yanzu kuwa da bakina ya buɗe, hannunsa ko kofin shayi ba ya riƙewa sai ya zuba, balle zaren fiba.