Ranar da Baba ya sauko da gurminsa

Na ɗauko Baba a mota daga kasuwar Bab Makka, nan Jidda, sai rediyo ya sako waƙar rok ɗin Turawan nan da ta cika tashoshi bana. Kunya ta kama ni, na kai hannu zan kashe.

"Bar shi," in ji Baba. "Mai jitar nan ya iya, gaggawa ce ta yi masa yawa."

Muna isa gida ya sauko da gurmin da ya rataye tun zuwansa Jidda, ya ɗaura sabuwar tsirkiya, ya kaɗa waƙar tsaf. Sau ɗaya fa ya ji ta.

'Yata Hanan, wadda kullum da Larabci take amsa mana, ta durƙusa gabansa ta ce da Hausa, "Kaka, koya mini."

Yau ko kafilina, ubangidan da ya tsaya mini kan takardun zama, bai kai ni taƙama ba. Ku fa, wace baiwa iyayenku suka rataye a bango?