Soso a Cikin Kwali

Ashana ake kiranta a sito, alhali ko warin taba ba ta so. Ta samo sunan ne daga kwalin ashanar da ba ya rabuwa da aljihun rigar aikinta. Duk sabon kayan robar da aka kawo, sai ta yanki ɗan guntu ta kai bayan gini, ta ɗora a kan bulo ta kyasta masa wuta, ta tsuguna tana kallo. Wani ya narke yana ɗiga, wani ya turnuƙe da baƙin hayaƙi, wani kafin ka ce kwabo ya ƙare.

Ita ke ba kowane kaya mazauni. A rufin sito akwai bututai masu kawunan feshi, da ke sakin ruwa da kansu idan zafin gobara ya kai musu, sai dai ba ƙarfinsu ɗaya ba. Na layukan gaba an yi su ne don robar da ke cikin kwali, tunda kwali na shan ruwa ya rage wa wuta gudu. Roba tsirara sai tsakiya. Soso kuwa, da yawancinsa iska ce, wurinsa can ƙurya inda bututan suka fi kauri. Ta taɓa sa leburori suka kife bokitai layi guda, don kada su tare ruwan su hana shi sauka ƙasa. Suka yi ta ƙunƙuni, ita ko a jikinta.

Wata rana da hantsi ƙaninta ya shigo da babbar mota, yana washe baki. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Wannan ne lodinsa na farko da motar kansa, kuma mai kayan ya gargaɗe shi, in bai sauke a ranar ba, kada ya sake zuwa neman lodi.

"Kujerun roba ne a kwali, Yaya," in ji shi. "Na ga akwai fili a layin gaba."

Ta ɗaga kwali ɗaya, ta ji ya cika girma ga nauyinsa. Ta farke shi. Kujera ce kam, amma an naɗe ta da soso, ga matashin zama mai kauri a kai.

"Auta, wannan kayan ƙurya ne, ƙurya kuma ta cika maƙil."

"Haba Yaya, ai a kwali suke! Wa zai buɗe?"

"Wuta za ta buɗe. Ruwan layin gaba ba zai iya da su ba."

"Kwana biyu kawai. Ni ne fa."

Ta san shi ne. Ta zaga ƙurya har sau biyu tare da mai tuƙa motar ɗaga kaya, ko za a matsa wani abu. Babu. In an ƙara tsawo, kaya za su toshe bakin feshin. Ta dawo ta gaya masa haka, tana kallon idonsa.

Ya ɗaure tamfol, ya ja mota ko sallama babu. Abin ya yi mata zafi ƙwarai, har ta kasa cin abincin rana. Amma ko sau ɗaya ba ta ji cewa ta yi kuskure ba.

Da la'asar ya kira ta, muryarsa cike da gatse.

"Na sami wani sito. Sun karɓa, ko kwali ɗaya ba su buɗe ba."

"Ina suka jibge su?"

"Har rufi, kusa da katifu."

Ta ce, "Kana ciki yanzu?"

"Ina shan inuwa, sai an gama saukewa."

"Tashi ka fita waje, Auta. Ka yi fushin da ni a rana."