Mikail, Mai Karanta Gargaɗin Kwamfuta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 6 ga Mayu, 2025, bayan sallar Azahar, aka zo shagona na ɗaukar hoto a Lamisula aka ce Allah Ya yi wa Mikail Ajimi rasuwa, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Mai gyaran kwamfuta ne a gefen Kasuwar Kwastam. Shekararsa arba'in da ɗaya, ni sittin da bakwai. Ban taɓa zaton ni zan rubuta ta'aziyyarsa ba.

Mikail, shekara goma sha biyu kana zuwa ceton tsohuwar kwamfutata da tsohuwar manhajar da nake gyaran hoto da ita. Ko sau ɗaya ba ka ce in watsar da su ba. Kakan ce da tsohuwar zuma ake magani. Faɗanmu ɗaya ne: duk sanda gargaɗi ya fito a allo, sai in yi maza in rufe shi kamar na ga kunama. Kai kuma ka riƙe mini hannu.

"Baba Uwais, ta gaya maka ciwonta, ka toshe mata baki. Karanta mini, a hankali."

Bayan ambaliyar bara, mutane suka yi ta kawo hotunan da ruwa ya ci. Kai ma ka kawo na aurenka da Bintu, shi kaɗai ya tsira, ruwa ya wanke rabin fuskarka. Na yi masa sikan, wato na kwafe shi cikin kwamfuta, na fara gyara a manhajar, na adana. Takardar kanta ta ruɓe cikin mako guda. Daga nan na yi ta cewa gobe, don kai na gida ne. Wata bakwai ina cewa gobe. Wannan laifina ne, kuma ina jin nauyinsa har yanzu.

Sai tsohuwar manhajar ta daina buɗewa. Ranar Alhamis ka zo da sabuwa za ka girka. Ta kama hanya, ta tsaya. Ka share tarkace don ta samu wuri, ta sake tsayawa. Ka dakatar da manhajar da ke kare kwamfuta daga ƙwayoyin cuta, duk ɗaya. Ina ganin kana dafe kai, na ɗauka zafin gari ne. Ka ce kada in taɓa komai, kana dawowa Asabar.

Bayan addu'ar uku, Bintu ta aiko a tambaye ni hoton. Yana cikin kwamfuta, a fayil ɗin da babu mai buɗe shi sai manhajar, ga tsohuwa ta mutu, ga sabuwa ta ƙi shiga. Masu gyara biyu na kira, kowanne ya ce a goge komai a sake lale. Na ce su sauka lafiya.

Kwana uku na zauna ni kaɗai a gabanta, kujerarka a gefena. Rana ta uku na gwada girka sabuwar manhajar da kaina, gargaɗi ya fito, hannuna ya tafi zai rufe, na janye shi. Na karanta da ƙarfi, kalma kalma, da guntun Turancina, babu mai saurare. Cewa take kwanan wata bai yi daidai ba. Na duba ƙasan allon, ashe kwamfutar a 2009 take zaune. Ƙaramin batirin da ke riƙe mata lokaci ne ya mutu. Na gyara kwanan, na sake gwadawa, ta shiga lafiya lau. Na juya in gaya maka. Rabon da in ji kaɗaici irin na wannan lokacin tun rasuwar matata.

Na cike rabin fuskarka daga abin da idona ya riƙe, na goge, na daidaita kamar yadda na saba yi wa kowane ango. Na kai wa Bintu inda take takaba, aka miƙa mata ta bayan labule. Ta duba shi, sannan ta ce:

"Baba, an gode. Amma ina tabon girarsa? Wannan ya fi shi kyau. Nawa nake so."

Shekara arba'in ina goge wa mutane tabo, ban taɓa mayar da ko ɗaya ba sai naka. Na koma shago na zana shi da hannuna, ina kuka.

Allah Ya jiƙanka, Mikail, Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Bintu, da 'yarka Rumaisa'u, da dukkan zuriyar Ajimi, da abokan sana'arka na Kwastam. Allah Ya ba su haƙuri, ni ma Ya ba ni. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.