Rajistar da Goggo ta zo yi

Goggo, ƙanwar mahaifina, ta iso gidana a Anka bayan azahar, gefen zanenta duk taɓo saboda ruwan da aka yi a hanyar Tungar Guru. Ni malamar firamare ce, don haka duk wata takarda ko saƙon waya da ya gagari dangi, wurina ake kawowa. Ko ruwan da na ɗebo mata ba ta sha ba ta kunce bakin mayafi ta miƙo mini wayar maƙwabciyarta, wadda ta aro.

"Ɗiyata, likitocin nan za su dawo," in ji ta. "An ce a yi rajista. Cika muna."

Na san likitocin da take nufi. Shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyenmu, lokacin da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, Goggo ta rasa yara biyu. Ta ukun, mace, ta rayu bayan likitocin ƙasashen waje sun ba ta magani. Yanzu ta zama budurwa, amma maganarta ba ta fita sosai, kuma farfaɗiya takan kayar da ita.

Saƙon ya shigo ne ta zauren matan ƙauyen a waya. Akwai hoton wani likita riƙe da jariri, sai muryar wani mutum mai taushi yana cewa duk gidan da gubar ta taɓa a tura hoton mai ciwon, da lambar katin ɗan ƙasa, da wata lamba da za ta shigo waya ta saƙon tes. A ƙasa ga adireshin shafin da shuɗin rubutu.

Wannan lambar ta tes ita ta tsaya mini a rai. Wani abokin aikina mai koyar da kwamfuta ya taɓa nuna mana a ofishin malamai cewa kada mu danna adireshin da ba mu sani ba, mu kwafe shi mu kai shafukan da ke duba lafiyar irinsa. Na ce wa Goggo ta ci abinci tukuna. Na fita gindin dogon yaro, inda sabis ya fi ƙarfi.

Shafin farko ya ce bai ga komai ba. Sai na ji daɗi, domin ni ma ina so abin ya zama gaskiya. Har na juya zan koma ɗaki, sai na tuna malamin ya ce a duba ranar da aka buɗe adireshin. Na duba. Bai kai sati biyu ba, kuma an ɓoye mai shi. Na sake karanta sunan a hankali, na ga an ƙara harafi guda a sunan ƙungiyar likitocin. Shafi na biyu da na kai shi ya fito da jan rubutu, ya ce wurin satar bayanan mutane ne.

Na koma ɗaki.

"Mi kika gani?" ta tambaye ni.

Na zauna kusa da ita a tabarma na nuna mata jan rubutun, duk da ba ta karatun boko. Na ce ba likitocin ba ne, ɓarayi ne suka ari sunansu.

"Amma sun san garinmu. Sun faɗi Sunke, sun faɗi Tungar Daji."

"An sha faɗin garuruwan a rediyo, Goggo. Kowa na iya saninsu."

Ta murza bakin mayafinta. Sai ta ce jiya ta yi wa yarinyar kitso, ta sa mata tufafin Sallah aka ɗauke ta hoto, kuma ta riga ta gaya mata masu maganin na zuwa. Ta nuna mini hoton. Na ce kitson ya yi kyau.

Ita ce ta ce in buɗe mata wurin ɗaukar murya. Ta gyara zama, ta yi sallama, ta gaya wa matan zauren abin da aka gano, ta ce kowa ta riƙe lambarta. Wasu sun yi godiya. Wata ta ce 'yan boko ba sa so talaka ya samu, wata kuma ta ce ita ta riga ta tura. Washegari ɓarayin suka yi amfani da lambar suka ƙwace asusun saƙonnin wadda ta tura ɗin, suka shiga aika wa danginta saƙo da sunanta.

Ban yarda Goggo ta koma haka nan ba. Da safe na raka ta asibitin garin muka tambaya. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce babu wata rajista, amma ta saurari Goggo har ƙarshe, ta ce a kawo yarinyar ranar Laraba.

An kawo ta a kan babur, tana tsakanin mai babur ɗin da Goggo. Likita ya duba ta ya canza mata maganin farfaɗiyar. Maganarta tana nan yadda take, amma faɗuwar ta ragu, har Goggo takan bar ta ta je rijiya tare da sauran 'yan mata.