Gida na Goma Sha Biyu

Ƙauyen da nake zaune a Ingila bai kai unguwarmu ta Talata Mafara girma ba. Gidajen dutse ne jere a bakin hanya guda, sai coci mai ƙararrawa da ɗan tafkin agwagi. Sau biyu mota take shigowa a yini. Aikina kula da tsofaffi a gidajensu, matata da 'yata kuwa suna can gida. In na tashi aiki ba wanda zan yi wa sallama ya amsa, kuma a irin wannan shirun ne Kaka Hassi take faɗo mini a rai.

Mahaifiyar babana ce. Gidanmu gidan mahauta ne, don haka bayan magariba ba a rasa ɗan guntun tumbi. Sai ta jawo kujerarta gaban murhu, tana juya shi a kan garwashi, mu kuma mun yi mata zobe. Kakannin mutane suna da tatsuniyoyi iri-iri, tamu guda ɗaya tak gare ta, labarin ƙauyensu.

"Ga ta nan, daga Tungar Gawo tat taso," in ji ta.

Mu ce, "Ta iso lafiya."

Wai wani falke ne ya koro shanu daga wajen Maradun zai kai kasuwa. Da suka zo gindin wani gawo, sai jar saniya ta kwanta ta ƙi tashi. Abokan tafiya suka ce ya yanka ta, ya ƙi. Kwana uku yana jiranta har ta haihu. Da ta tashi, sai ya ga wurin da ta kwanta da danshi, ya tona rijiya, ruwa ya fito. Nan ya kafa bukka, mutane suka yi ta zuwa har gida goma sha biyu. Shi ya sa 'yan Tunga ba sa yanka jar saniya, kuma ba sa gaggawa. Kaka ta ce ko gobara ake yi, sai sun gama gaisuwa.

Daga nan sai ƙirga, wadda ita ce zuciyar labarin. "In ka hita ƙohwarmu, hannun dama gidan Ige maƙeri. Sai gidan Liman, sai na Jaɓɓi mai kurman jaki..." Haka za ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta zagayo. Ni ne mai naɗe yatsu, kuma kullum sha ɗaya nake samu.

"Kaka, saura ɗaya!"

"Angona, kai da ba ka san yawan haƙoranka ba? Sha biyu na. Ci namanka."

Rijiyar ta ƙafe tun Kaka tana amarya. Wasu suka koma Damri, wasu Morai, su kuma suka shigo gari. In ta kawo nan takan gyara wuta, sannan ta ce, "Tunga na nan muddin akwai mai ƙirga ta daidai. Ƙurunƙus, ku tashi."

Da ta rasu, 'yan uwana suka manta da sunayen, ya rage ni kaɗai da gidaje sha ɗaya. Abin ya daɗe yana cina. Babana a gari aka haife shi, bai sani ba. Na taɓa zuwa wurin, can bayan Bakura, ban tarar da komai ba sai gawon a tsakiyar gonar dawa. Na ɗauka ni ne na zubar da gida guda da mutanensa.

Cikin waɗanda nake kula da su a nan akwai tsoho Tomas, wanda ya yi rayuwarsa yana kiwon tumaki. Wata rana da la'asar na zaunar da shi bakin taga, ya shiga ba ni tarihin ƙauyensu: yadda gashin tumaki ya gina cocin, yadda injin niƙa ya tsaya, matasa suka gudu birni, baƙi suka saye gidajen suna zuwa hutu kawai. Sai ya ɗaga yatsa yana kiran sunayen masu gidajen na da, daga maƙwabcinsa na dama har ya zagayo.

Na ce, "Baba, ka manta naka."

Ya dube ni kamar na yi wauta. "Ai ina ciki."

Na ajiye kofin shayinsa na fita waje, na yi kuka kamar yaro, agwagi suna kallona. Ashe Kaka ba ta taɓa yin kuskure ba. Daga ƙofar gidansu take farawa, kuma a nan take ƙarewa. Shekaru masu yawa tana zaune a Talata Mafara, amma in ta buɗe baki tana tsaye ne a cikin gidan ubanta, wanda ke ciki kuwa ba ya ƙirga kansa.

Ran Juma'a na kira 'yata a waya na ba ta labarin. Na ce, "Na farko, gidan su Kaka Hassi." Ta bi ni da yatsu har ƙarshe, ta ce, "Baba, sha biyu cif!" Na yi murna, amma da na kashe wayar murnar ta gushe. Ni ƙirgata ta cika ne saboda a waje nake tsaye.