Matar da Ke Sansana Faranti

A masana'antarmu ta bayan garin Baoji, da wuya ka sami wanda bai ɗanɗani hannun Qiao Fenglian ba. Sabon shiga in ya kuskura ya taɓa farantin ƙarfen taitaniyom da yatsa bayan an dafa shi a ruwan asid, kafin ya ankara mari ya sauka. Ba na ƙaunar halinta, amma ban taɓa cewa ba ta da gaskiya ba.

Aikinta shafe. Takan tsoma burushin gashin tunkiya a jan magani mai sifirit, ruwan nan mai saurin kama wuta, ta shafe faranti, a bar shi ya bushe, a tura tanderu wuta ta ƙone maganin ya koma baƙar fata mai ɗaukar lantarki. A fito da shi a sake, har fatar ta yi kauri.

Mai tanderun mijinta ne, Tsoho Dang. Tun suna da jini a jika aka taɓa tura masa faranti ɗanye, sifirit ya kama, wuta ta yi tsalle daga bakin tanderu ta cinye masa idon hagu. Daga ranar babu amalanken faranti da ke isa wurinsa sai Qiao ta kai hanci. In ta ji warin sifirit, a koma da shi.

Wata damina iska ta yi sanyi, faranti ya ƙi bushewa, ga babbar mota tana jira a ƙofa. Sabon manaja, Tuo Jianshe, ƙanin matar mai masana'antar, ya kama amalanke da kansa.

"Ɗanye ne," in ji Qiao. "Ajiye."

"Goggo, ke karen farauta ce? Kullum hanci a ƙarfe! Matsa."

"Ɗan nan, ido ɗaya ya rage wa tsohona. Ka tura ka gani."

Ya ture ta. Ta ɗauki ƙugiyar janyo faranti ta kwaɗa masa a hannu, muka ji ƙashi ya ce ƙas. Ya kurma ihu, ya kai mata naushi da ɗaya hannun, haƙorinta ya faɗi ƙasa. Ta tofa masa jini a fuska, ta kama kunnensa da sauran haƙoran. Muka ruga raba su, ni ma na sami gwiwar hannu a hanci.

Cikin kokawar Tuo ya shuri amalanken, ya gangara ya nufi tanderu. Faɗan a gefen hagun Tsoho Dang ake yi, ga ƙarar fanka, bai ga komai ba. Ya ɗaga ƙofar tanderu kamar kullum, ya leƙa.

"Dang! Kauce!" in ji Qiao.

Bai ji ba. Qiao ta fizge daga hannunmu, ta bi amalanken ta rungumo shi ta baya, suka kife tare. Farantan suka zubo mata, bakinsu kaifi ne da shi. Ɗaya ya sare mata jijiyoyin hannun dama har ƙashi. Tsoho Dang ya waiga ya ga matarsa cikin jini, ita kuwa zagi take ta yi.

"Rufe ƙofar, tsohon banza! Rufe kafin ka zo!"

An kore ta, Tuo ya ci gaba da zama manaja, kuma har yau raina na ɓaci in na tuna. Tsoho Dang ya ajiye aiki ya bi ta. Yanzu taliya mai sanyi da man barkono suke sayarwa a bakin ƙofar masana'antarmu, yatsunta na dama a nannaɗe, ko cokali ba sa riƙewa.

Jiya da safe na iske shi yana sa mata maɓallan riga, ya karkata kai yana laluben ramin maɓalli da idonsa ɗaya.

"Ka tsallake ɗaya," ta ce. "Idon da na bar maka, amfanin me yake yi?"

Ya kwance, ya sake daga sama.