Gwangwanayen Kawu Ishaya

Shekara shida ke nan cif da muka binne Kawu Ishaya, ƙanin mahaifiyata, wanda ya riƙe ni a gidansa da ke Muchia tun ina aji uku na firamare. Haƙar rijiya ce sana'arsa. Daga Sabon Gari har Hanwa, da wuya ka bi layi uku ba ka sha ruwan da hannunsa ya fito da shi ba.

Yana da wata al'ada da abokan sana'arsa ke masa dariya a kanta. Duk rijiyar da ya haƙa, da zarar launin ƙasa ya canza sai ya ɗebi kaɗan ya zuba a gwangwanin madara. Baƙar ƙasa ta sama, ja, marmara, yumɓu, har yashin da ruwa ke fitowa. Ya jera su a ɗakin kayan aikinsa, kowace rijiya da layinta. Bai iya rubutu sosai ba, don haka ni ce mai manna takarda a jikin kowane gwangwani: unguwa, sunan mai gida, da gaba nawa aka nutsa.

A wannan ɗakin na fara ba shi labarin dainaso, manyan dabbobin nan masu kama da ƙadangaru da suka shuɗe shekara miliyan sittin da shida da suka wuce. Ina sakandare lokacin, na aro littafi daga makaranta. Ba na iya magana a gaban mutane, amma a gabansa bakina yana buɗewa. Na karanta masa abin da masana suka yi hasashe. Wasu sun ce annoba ce. Wasu sun ce ƙananan dabbobi ne suka riƙa cinye musu ƙwai.

"Ɓeraye su gama da abin da ya fi giwa?" Ya yi dariya har da tari. "Wuce wannan, Ladi."

Na ce mafi yawansu sun yarda wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sama, ƙurarsa ta rufe rana, tsirrai suka mutu, yunwa ta bi ta kan sauran. Ya daɗe yana juya wani gwangwani a hannunsa.

"Rijiya ba ta rufta saboda ruwan kwana ɗaya," in ji shi. "In ta rufta, da ma cikinta ya daɗe da ciwo. Ki tambaye su, ƙadangarun nan naki lafiyarsu ƙalau kafin dutsen ya zo? Kuma su nuna miki a ƙasa. Abin da ya faru a sama, ƙasa tana ajiye shi."

 Sai bayan rasuwarsa, da na shiga jami'a a Samaru ina karatun ilimin ƙasa da duwatsu, na sami amsar tambayarsa. Akwai wani siririn layin yumɓu da aka gano a wurare da dama na duniya, cike da wani ƙarfe mai wuyar samu a doron ƙasa amma mai yawa a duwatsun sama. Ƙarƙashin layin akwai ƙasusuwan dainaso, samansa babu. An kuma gano ramin da dutsen ya bari a gaɓar tekun Meziko. Ranar da malaminmu ya nuna hoton, na sunkuyar da kai na yi ta kuka a hankali, ta kusa da ni ta zaci zazzaɓi ne.

Da yana raye, na san zai nemi a ba shi yumɓun ya murza, ya sansana. Zai kuma ji daɗin cewa tambayarsa ba ta mutu ba. Har yau masana suna gardama a kan duwatsun Indiya da suka daɗe suna aman wuta a wancan zamanin, ko su suka fara jigata duniya kafin dutsen ya ƙarasa. Ban san me zai ce ba in na gaya masa tsuntsaye jikokin dabbobin ne. Wataƙila ya daina korar kajin gidan daga bakin rijiya.

Watan jiya Yaya Yohanna, babban ɗansa, ya sa ranar aure, kuma ɗakin kayan aikin za a gyara wa amarya. Na iso daga Samaru na tarar ya kawo baro ƙofar ɗakin.

"Ƙasa ce fa kawai, Ladi. Gidan nan ƙasa ce ta yi mana kaɗan?"

Ban taɓa musa masa ba tunda nake. Amma ranar na ce, "Yaya, don Allah kada ka zubar. Ni zan kwashe."

"Ki kai ina? Ɗakin kwanan ɗalibai? Ƙawayenki su ce kin fara tsafi?"

Mama Rahila, matar Kawu, tana tsakar gida tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba ta ce, "Yohanna, nemo mata kwali." Can ta taso, ta tsaya a bakin ƙofa tana duban layukan. "Wanne ne na rijiyar gidan nan?"

Na nuna mata. Gwangwani bakwai ne, rubutun da na manna musu ina yarinya, shekaru bayan haƙa rijiyar, ya fara dushewa a jikinsu. Ta ɗauki na ƙarshe, mai farin yashi, ta ce ranar da ya kai wannan yashin tana da cikin Yohanna wata tara, ya ɗago kai daga ƙasan ramin yana kiranta ta zo ta ga ruwa.  Yaya Yohanna ya jingine baron, ya je ya kawo kwali uku, shi da kansa ya riƙa naɗe gwangwanayen da tsohuwar jarida don kada layi ya shiga layi.

Kawu bai bar gona ba, bai bar hoto mai kyau ko ɗaya ba. Ya bar ruwa a gidajen mutanen da yawancinsu sun manta sunansa, ya bar mini ɗabi'ar cewa a nuna mini kafin in yarda. Kwalayen uku suna ƙarƙashin gadona a Samaru. Bakwai ɗin nan kuwa Mama Rahila ta hana ni. Suna kan tagarta, kuma ta ce in amarya ta tare, ita za ta fara nuna wa.